Babi na Biyar: Kwanon Talaka a Bayan Gilashi

Wai me ya kai kwanon cin abinci gidan tarihi? Takobin sarki dai mun ji, akwai labarin yaƙi a bayansa. Alkyabba da kandiri ma ba a musu. To amma kwanon da manomi ya ci shinkafa a ciki har bakinsa ya ɓantare, da rigar da matarsa ta yi wa maho kan maho, da butar shayin da kuɗinta bai kai na abincin rana ba, mene ne nasu na shiga akwatin gilashi? Kuma wane irin mutum ne zai cire kuɗi daga aljihunsa, ya hau jirgin ƙasa, ya je ya tsaya a gabansu yana gyaɗa kai?

Shekara ɗari da suka wuce, da ka yi wa mai ilimin boko a Japan wannan tambayar, da ya goyi bayanka. Ƙasar tana cikin zumuɗin zamani tun daga juyin da aka yi a 1868, masana'antu suna ta tashi, kayan inji suna ta korar na hannu daga kasuwa, duk abin da ya fito daga ƙauye kuma kallon ci baya ake yi masa. A cikin wannan yanayin aka gina wani gida a Tokiyo don amsa tambayar. Sunansa Nihon Mingeikan, wato gidan adana sana'o'in hannun jama'ar Japan. A farkon 2019 gidan ya shirya wani nuni da ya kai amsar tasa maƙura: ya jera kayansa, sannan ya kwashe allunan bayaninsu. Kafin mu shiga wannan nunin, sai mun san gidan da mai gidan.

Gidan da ke Komaba

Daga Shibuya, unguwar da cunkosonta ya yi suna a duniya, tasha biyu kacal za ka yi a jirgin layin Inokashira ka sauka a Komaba-Todaimae. Daga nan sai tafiyar 'yan mintoci a ƙasa cikin unguwar gidajen kwana, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Gidan ba ya kama da abin da muka saba kira gidan tarihi. Bene ne hawa ɗaya mai rufin tayil mai duhu, samansa farin shafe, ƙasansa an lulluɓe da wani dutse mai laushi da ake haƙowa a Oya, cikin lardin Tochigi. Wanda bai sani ba zai ce gidan wani attajirin ƙauye ne na da.

Ƙofar katako ce ta turawa gefe. Shekaru da yawa al'adar gidan ita ce baƙo ya tuɓe takalminsa a bakin shiga, kamar mai shiga ɗakin surukarsa. Abin da zai fara tarar ka shi ne faffaɗar matakalar katako da ta hau tsakiya ta rabu biyu, dama da hagu. Akwatunan da aka jera kayan a ciki su ma na katako ne da aka goge da ƙaron itacen urushi har suka yi duhu suna sheƙi, bangon kuma an manna masa wani yadi da ake saƙawa da zaren tsiron kuzu. Duk wannan tsarin mai gidan ne da kansa, har akwatunan.

An buɗe gidan a watan Oktoba na 1936. Kuɗin ginin, yen 100,000, ya fito ne daga hannun Ohara Magosaburo, attajirin masaƙu na garin Kurashiki. Ginin ya tsira daga ruwan bama-baman da ya ƙone Tokiyo a 1945, kuma a yau yana riƙe da kaya kimanin 17,000: tukwane da tangaran, saƙa da rini, kayan katako, kwanduna, ƙira, zane-zane. Kaɗan daga ciki ake fitarwa a lokaci guda, ana sauya su sau da yawa a shekara, kowane sauyi da jigonsa. Shi ya sa wanda ya je da bazara, in ya koma da sanyi sai ya tarar da wani gida dabam a cikin ginin da ya sani.

Ko a ranakun da ba na musamman ba, bayanin da ake bayarwa ɗan mitsitsi ne. Ɗan baƙin allo ne da bai kai tafin hannu ba, an rubuta a kai da jan launi da hannu: sunan abin, inda aka yi shi, zamaninsa. Shi ke nan. Mai neman dogon tarihi sai ya sayi littafi a shagon gidan.

Tsarabar malamin makaranta

Mai gidan shi ne Yanagi Soetsu, wanda aka haifa a 1889 ya rasu a 1961. Abin da ya kamata a faɗa tun farko shi ne, mutumin nan da ya ƙare rayuwarsa yana yabon kayan talaka bai san talauci ba. Mahaifinsa babban hafsan sojan ruwa ne. Kawunsa, ɗan'uwan mahaifiyarsa, shi ne Kano Jigoro, wanda ya ƙirƙiro wasan judo. Ya yi makarantar 'ya'yan manya, ya karanta falsafa a Jami'ar Tokiyo, kuma yana cikin samarin da suka kafa mujallar Shirakaba a 1910, wadda aikinta shi ne gabatar wa Japanawa da fasahar Turai. Zuciyarsa a lokacin tana Faransa da Ingila. Har samarin suka aika wa Rodin, shahararren mai sassaƙa na Faransa, zane-zanen Japan, shi kuma ya rama da ƙananan mutum-mutumi uku na tagulla, aka ajiye su a gidan Yanagi da ke Abiko.

A 1914 wani malamin firamare ɗan Japan da ke koyarwa a Koriya, Asakawa Noritaka, ya zo Abiko don ganin ayyukan na Rodin. Ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana, sai ya riƙo tsaraba: wani ɗan tulun tangaran na Koriya. Tulun yana nan a gidan tarihin har yanzu. Tsayinsa bai kai taƙi ba. Fari ne mai ɗan dishi-dishi, an shafce gefunansa da wuƙa ya zama mai kusurwoyi maimakon zagaye, an zana masa 'yan ciyayi da shuɗi mara ƙarfi, layi kaɗan, kamar mai zanen yana sauri. Wani abin dariya ma, asalinsa gindin kwalba ne mai siffar gora da samanta ya rabu da ita. Wato ko cikakken abu ba ne.

Baƙon ya zo kallon Rodin, mai gida kuma ya kasa ɗauke ido daga tsarabar. Daga 1916 Yanagi ya fara zirga-zirga zuwa Koriya, wadda Japan ta mamaye tun 1910. Da aka murƙushe boren neman 'yanci na 1919, yana cikin 'yan tsirarun Japanawa da suka yi rubutu suna nuna wa Koriyawa tausayi a fili. A 1922 ya yi rubutu yana adawa da shirin rusa Gwanghwamun, babbar ƙofar fadar sarakunan Koriya, daga baya aka matsar da ƙofar maimakon a rushe ta. A 1924, tare da Asakawa da ƙanensa Takumi, ya buɗe gidan adana fasahar Koriya a cikin harabar fadar, a Seoul. Wani kaso na kuɗin daga maƙogwaron matarsa ya fito, domin Kaneko mawaƙiya ce, ta riƙa shirya taron waƙa ana tara abin da aka samu. Littattafai da yawa kan tsallake sunanta, bai kuma kamata ba.

Tarkacen kasuwa

Girgizar ƙasar da ta ragargaza Tokiyo a 1923 ta sa Yanagi ya koma Kiyoto da iyalinsa. Can akwai kasuwannin gwanjo da ke ci a harabar wuraren ibada, ta Toji ran 21 ga kowane wata, ta Kitano ran 25. Ya mai da su wurin zuwansa da sassafe. Tsofaffin matan da ke baza kaya a ƙasa suna da kalmar da suke kiran tsofaffin kwanoni da tsummokaran da yake tsinta: getemono, ma'ana kayan banza-banza, na ƙasa-ƙasa, abin da mu za mu ce tarkace. Da farko da wannan kalmar shi ma yake rubutu.

Kalmar ta riƙa jawo rashin fahimta, don haka a ƙarshen 1925, suna kan wata tafiya shi da abokansa biyu maginan tukwane, Kawai Kanjiro da Hamada Shoji, suka ƙirƙiri sabuwa. Suka ɗauki gaɓa daga kalmar da ke nufin jama'a, suka haɗa da gaɓa daga wadda ke nufin sana'ar hannu, aka samu mingei. A 1926 suka fitar da takardar ƙudurin gina wa waɗannan kaya gida. Sai da suka yi shekara goma suna neman wuri da kuɗi, suna kuma karaɗe ƙasar daga arewa mai dusar ƙanƙara har tsibiran kudu, suna shiga kicin ɗin mutane da rumbunansu.

Me ke sa abu ya zama mingei a wurinsu? A taƙaice, a ce don amfani aka yi shi, da yawa aka yi shi, da araha aka sayar, da kayan da ƙasar wurin ta bayar aka yi shi, kuma wanda ya yi bai sa sunansa ba. Ka tuna akushi. Masassaƙin da ya fafe shi bai zauna yana tunanin yadda zai burge masu kallo ba. Tunaninsa shi ne tuwo ya zauna, gindin kada ya yi rawa, bakin ya daɗe bai tsage ba. Duk da haka idan ka ɗora tsohon akushi a kan tabarma ka ja baya, za ka ga siffar da babu abin da za ka ƙara mata ko ka rage. Irin wannan kyan Yanagi yake nufi, kyan da ke biyo amfani a baya ba tare da an kira shi ba.

Nunin da aka cire wa suna

Yanzu mu koma 2019. Daga Janairu zuwa Maris na shekarar, gidan ya yi nunin da ya gina a kan kalma guda da Yanagi ya fi so, chokkan, wato gani kai tsaye, ganin da ido ke yi kafin ilimi ya sa baki. Shugaban gidan a lokacin shi ne Fukasawa Naoto, mai zana fasalin kayan masana'antu wanda aka fi sani da aikinsa da kamfanin Muji, ya kuma hau kujerar a 2012. Aka zaɓo fitattun kayan da Yanagi ya tara, aka jera, aka ɗauke har waɗannan 'yan baƙaƙen allunan da dama ba su faɗi abin kirki ba.

Ka ɗauka kai ne a ɗakin. Ga wani farin tulu a gabanka, cikinsa ya ɗan karkace gefe guda. Idonka zai fara sauka ƙasa yana neman allo, domin haka aka koya mana: mu karanta, mu ji an ce na ƙarni kaza ne, na ƙasa kaza, sannan mu san irin girmamawar da za mu ba shi. Ka duba, babu komai sai katako. Ba ka san ko na Koriya ne ko na Japan ba, ko ya shekara ɗari uku ko talatin, ko kuɗinsa zai sayi gida ko ba zai sayi buhun shinkafa ba. Abin da ya rage maka shi ne tulun da idonka. Wasu a nan ne za su ji an yi musu rowa. Wasu kuma a nan ne za su fara lura cewa farin ba iri ɗaya ba ne daga wuya zuwa gindi, cewa akwai inda ruwan ƙyallin ya taru ya yi kauri, cewa karkacewar ce ma ta sa tulun yake kamar mai numfashi.

Duk wanda ya taɓa raka gwanar sayen atamfa kasuwa ya san bambancin nan. Akwai mai juya yadi ta nemi tambarin kamfani a gefe kafin ta ce yana da kyau. Akwai kuma wadda za ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta ɗaga shi ga haske, ta yanke hukunci ba ta tambayi kowa ba. Yanagi yana ganin gidajen tarihi da makarantu sun cika duniya da irin ta farko. Bai ce ilimi ba shi da amfani ba, shi kansa malami ne mai tarin littattafai. Abin da ya nace a kai shi ne jeri: a fara gani, sannan a sani. In sani ya riga shiga, sai ya tsaya tsakanin mutum da abin kamar labule.

A ganina nunin ya faɗi wata gaskiya da gidan bai cika furtawa ba. In ka cire sunan magini, ka cire gari da shekara, sunan mutum ɗaya ne ya rage a ɗakin, shi ne wanda ya zaɓa. Cikin dubban kwanonin da aka baza a kasuwar Toji, wannan ya ɗauka ya bar wancan. Saboda haka abin da baƙo ke kallo a Komaba idon Yanagi ne, an shimfiɗa shi ɗaki-ɗaki. Za mu dawo kan wannan.

Hannun da ya saba

Ta yaya wanda bai yi makarantar zane ba, bai kuma nufi yin abin burgewa ba, zai fitar da abin da gwanaye ke sha'awa? Amsar Yanagi ita ce maimaici, kuma misalin da ya fi dacewa wata tsohuwa ce a Mashiko, garin maginan tukwane da Hamada ya zauna tun 1924. Sunanta Minagawa Masu. Aikinta zana hoton duwatsu da ruwa da bishiyoyi a jikin butocin shayi masu araha, ɗaruruwa a rana guda, tun tana yarinya har ta tsufa. Ba ta yi karatu ba. Buta takan zo hannunta, alkalamin gashi ya yi 'yan yawo, buta ta wuce, wata ta zo. Bayan shekaru sittin ana haka, babu sauran shakka ko ƙawa a layinta, domin duk abin da ba dole ba ya zube a hanya. Hamada, wanda duniya ta san sunansa, yana girmama zanenta ƙwarai.

Mai tuyar ƙosai da ta shekara talatin a bakin kasko ba ta auna ƙullu, amma kowane ƙosai ya fito daidai da ɗan'uwansa. In ka ce ta nuna maka yadda take yi a hankali, sai hannun ya rikice. Yanagi ya ɗauki wannan ya haɗa shi da wata koyarwa ta addinin Buddha da ake kira tariki, dogaro da ƙarfin da ba naka ba. A fahimtarsa, fitaccen mai fasaha yana iyo ne da ƙarfin damtsensa, shi kuwa maginin ƙauye ruwa ne ke ɗauke da shi: gadon iyaye, halin yumɓun garinsu, abin da wutar matoya ta ga dama ta yi.

Wani lokacin ma ƙuntatawa ce ke haifar da kyan. A Tsugaru, can ƙuryar arewa inda dusar ƙanƙara ke rufe gidaje, hukuma a zamanin da ta hana manoma sa tufafin auduga. Abin da aka bar musu shi ne yadin da aka saƙa da zaren wani tsiro dangin rama, rinanne da baba, mai manyan ƙofofi da iska ke ratsawa. Sai matan suka riƙa bin ƙofofin da farin zaren auduga, suna ƙirga zaren saƙar, ɗaya, uku, biyar, suna cusa allura, har kafaɗa da ƙirjin rigar su toshe su yi kauri. Ana kiran aikin kogin-zashi, sunan ya yi kama da koginmu na ruwa amma ba su haɗa komai ba. Daga nesa za ka ga fararen lu'ulu'ai a jere a kan shuɗi mai duhu, kamar aikin mai lissafi. Matsa kusa ka ga dalilin: kowane ɗinki toshe ƙofar sanyi ne, kuma an fi cika shi a inda igiyar kaya ke cin kafaɗa.

Inda gizo ke saƙar

Labarin yana da daɗi, amma akwai wuraren da yake ɗingishi, kuma ba adalci ba ne a ɓoye wa mai karatu.

Na farko shi ne kuɗi. Da zarar mai ido ya nuna abu ya ce kyakkyawa ne, ya tashi daga hannun talaka. Japan ta riga ta ga haka tun kafin Yanagi. Akwai wani kwano da ake kira Kizaemon, wanda aka yi a Koriya wajen ƙarni na 16, masu shan shayi na gargajiya suka ɗaukaka shi har ya zama dukiyar ƙasa, yana ajiye a wani sashe na haikalin Daitokuji a Kiyoto cikin akwati a cikin akwati. Yanagi ya samu ganinsa a 1931, ya kuma fito yana murna cewa kwanon shinkafar talaka ne kawai. Wasu masana daga baya sun ce watakila irin waɗannan kwanonin na hidimar ibada ne, ba na cin abinci ba. Ko ma wanne ne, babu talakan da zai ƙara taɓa shi. Haka ya faru da mingei bayan yaƙin da ya ƙare a 1945, musamman daga shekarun 1950 zuwa 1970, lokacin da mutanen birni suka yi ta tururuwa ƙauyukan magina, farashi ya tashi, aka fara yin kaya don masu yawon buɗe ido.

Na biyu shi ne suna. Tafiyar da ta ginu a kan yabon wanda ba a san shi ba ta ƙare da fitar da taurari. A 1955 gwamnati ta sa Hamada cikin rukunin farko na gwanayen da ake yi wa laƙabi da dukiyar ƙasa mai rai, Serizawa Keisuke mai rini ya bi shi a 1956. Hamada ya daina sa hatimi a jikin tukwanensa, amma yana sa hannu a akwatin katakon da ake sayar da su a ciki, kuma akwatin ne ke yanka farashi. Kawai ya ƙi karɓar laƙabin. A Komaba akwai ɗakunan da ake jera aikin waɗannan mutane da sunayensu, kusa da na waɗanda ba su da suna.

Na uku ya fi nauyi. Yanagi ɗan ƙasar da ke mulkin mallaka ne, yana zaɓar abin da ya ga kyau a ƙasashen da aka mallaka. Ya bayyana fasahar Koriya da cewa kyanta na baƙin ciki ne, wanda tarihin wahala ya haifa. Daga baya marubutan Koriya suka yi masa raddi, suka ce wannan kallon mai tausayi ne daga sama, kuma a tukwanensu akwai ƙarfi da raha da bai gani ba. Duk da haka a 1984 gwamnatin Koriya ta Kudu ta ba shi lambar girmamawa bayan rasuwarsa. Haka a Okinawa, wadda Japan ta haɗiye a 1879: a 1940 ya yi fito-na-fito da hukumomin lardin kan yunƙurinsu na hana mutane yarensu, amma wasu 'yan Okinawa suka ce masa su ne ke shan wariya in sun je neman aiki ba su iya Japananci ba, shi kuwa baƙo ne mai sha'awar kayan gargajiya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Sai dai akwai abin da ba a musu a kai. Yaƙin 1945 ya ƙone Okinawa ƙurmus, kuma yadukan bingata masu launi da na zaren ayaba da Yanagi da abokansa suka kwaso kafin yaƙin suna cikin waɗanda suka tsira. A 1941 gidan ya yi nunin kayan Ainu, 'yan asalin arewacin Japan, a lokacin da ake yi musu kallon ƙasƙanci, ya jera rigunansu a matsayin fasaha. Akasarin kayan aro ne daga wani mai tarawa, Sugiyama Sueo, kuma bama-baman 1945 sun cinye tarin nasa.

Kasuwar Disamba

Akwai nuni guda a shekara da ya fi kowane kusa da abin da aka gina gidan dominsa. Kowane Disamba ana yin gasar sababbin ayyuka. Magina da masaƙa da masu kwando da masu aikin katako daga ko'ina a Japan suna aiko da abin da suka yi a shekarar, alƙalai su tace, a jera waɗanda suka tsallake, a ba wasu kyauta. Bambancinsa da sauran shi ne kayan na sayarwa ne. Wanda ya ga kwanon da ya kwanta masa zai iya biya, ya kai gida ya zuba miya a ciki. Mutane kan yi sammako saboda shi.

A irin wannan nunin ake ganin aikin wurare kamar Onta, wani ƙauye a cikin duwatsun lardin Oita da Yanagi ya ziyarta a 1931. Gidaje kimanin goma ne ke ginin tukwane a can, sana'ar tana bin gida daga uba zuwa ɗa. Ruwan rafi ne ke ɗaga manyan taɓaren katako suna daka musu ƙasa dare da rana, kuma a jikin kayan sunan ƙauyen ake sawa, ba na mutum ba. Ɗan Yanagi, Sori, wanda ya shugabanci gidan daga 1977 zuwa 2006, ya ja akalar zuwa wani gefen. Shi mai zana fasalin kayan masana'anta ne, cokula da tukwanen ƙarfe da wata kujera mai siffar malam-buɗe-littafi, yana ganin inji ma zai iya fitar da abu mai gaskiya in an ba shi fasali mai gaskiya. Ana sayar da cokulansa har yau a shagunan Japan.

Saura mutum ɗaya da na ajiye da gangan. Cikin abokan Yanagi na kusa akwai Bature, Bernard Leach, wanda ya koyi ginin tukwane a Japan, ya koma Ingila a 1920 tare da Hamada suka kafa matoya a St Ives, wani garin masunta. A 1923 wani saurayi da ya gama Oxford, Michael Cardew, ya zo ya zama almajirinsa. Wannan Cardew ɗin ne gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki a Nijeriya a 1950, ya zagaya Arewa yana duba yumɓu, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata maginiya 'yar ƙauyen Kwali, a 1954 kuma ta shiga cibiyar. Babi na gaba nata ne, da tambayar abin da ke faruwa da tulun ruwa idan aka shafa masa ƙyalli aka kai shi Landan. Kafin ka buɗe shafin, ciro naira ashirin daga aljihunka ka juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana gini.